Kundin Aiki: Tarihin Kulob ɗin Fitzroy na Melbourne

9 ga Maris, 2024

Na yanke shawara. Littafin zai tsaya a kan kulob ɗaya ne, Fitzroy, ba tarihin ƙwallon Ostireliya gaba ɗaya ba. Wanda zai karanta shi a Kano ko Maraɗi bai taɓa ganin wasan ba. In aka jibge masa kulob 18 da shekaru fiye da 160 a lokaci guda, tun a shafi na uku zai ajiye.

Shafin farko na bayanin wasan ne, kuma na gama shi yau. Fili mai siffar ƙwai, ƙwallon ma haka, mutum 18 a kowane ɓangare. Babu raga, babu gola. Turaku huɗu ne a kowane ƙarshen fili. Ka harba da ƙafa ta wuce tsakanin biyun tsakiya, maki 6. Ta bi ta gefe, ko ta daki turke, ko wani ya taɓa ta, maki 1. Ana ɗaukarta da hannu a yi gudu da ita, amma sai an buga ta da ƙasa kafin a cika mita 15. Ba a jefa wa abokin wasa, sai dai a naushe ta. Zango huɗu ake yi. Iyakar abin da mai karatu ke buƙata ke nan, sauran zai tsinta a hanya.

Me ya sa Fitzroy? Unguwa ce ƙarama a arewa maso gabashin tsakiyar Melbourne, ita ce unguwa ta farko da birnin ya haifa. Kulob ɗinta ya ɗauki kofin babbar gasa sau 8, ya talauce, aka fitar da shi daga gasar a 1996, yau kuma yana wasa a filinsa na asali da samarin da ba a biyansu ko sisi. Ban ga wani kulob da ya yi wannan zagayen ba.

23 ga Maris

Azumi ya sa aikin ya koma na bayan tarawihi. Ina karanta tsofaffin jaridu a Trove, rumbun intanet na babban ɗakin karatu na ƙasa, musamman The Argus da The Age.

An kafa kulob ɗin a watan Satumbar 1883, a wani taro a otel, ya shiga VFA, babbar gasar Victoria ta lokacin, a 1884, ya ɗauki kofinta a 1895. A ƙarshen 1896 manyan ƙungiyoyi suka ɓalle suka kafa sabuwar gasa mai suna VFL, wadda ta fara wasa a 1897 da kulob 8: Carlton, Collingwood, Essendon, Fitzroy, Geelong, Melbourne, South Melbourne da St Kilda. Masu jan 'yan kallo ne suka gaji da jan ƙanana a baya. Zan ja layi a ƙarƙashin wannan a littafin, don Fitzroy na cikin masu ƙarfin da suka juya wa raunana baya, shekara 100 cif kafin a yi masa irin ta.

Shekarun farko nasa ne. Kofi a 1898, 1899, 1904 da 1905. Na 1899 da maki ɗaya tak ya doke South Melbourne. Wannan babin zai yi gajere, don jerin nasarori ba ya riƙe mai karatu.

14 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Na koma kan 1916, kuma wannan shekarar babi guda zan ba ta ita kaɗai.

Yaƙin Duniya na Ɗaya yana ci. Ana ta muhawara a Melbourne ko ya dace ƙarti majiya ƙarfi su riƙa bin ƙwallo alhali sa'o'insu na mutuwa a Faransa. Ƙungiyoyi suka yi ta janyewa har saura 4: Carlton, Collingwood, Richmond da Fitzroy, dukkansu na unguwannin ma'aikata da ke manne da juna. Tsarin gasar ya ce 4 na saman teburi ke shiga zagayen ƙarshe. To ga shi su 4 ne duka duka. Fitzroy ya buga wasa 12, ya ci 2, ya yi kunnen doki 1, ya ƙare a ƙasan teburi. Da aka shiga zagayen ƙarshe sai ya fitar da Collingwood, ya doke Carlton. Dokar wancan lokacin ta ba wanda ya zo na ɗaya a teburi damar neman a sake, Carlton ya nema, aka sake, Fitzroy ya ƙara doke shi. Na kashin baya kuma zakara, a kaka ɗaya.

Magoya bayan wasu ƙungiyoyi kan ce wannan kofin ba kofi ba ne. Ni dai zan rubuta yadda aka yi, in bar mai karatu da dariyarsa. Amma Carlton ya san dokar kafin a fara, kuma sau biyu aka ba shi dama.

Kofin 1913 da na 1922 sakin layi ɗaya ya ishe su.

19 ga Mayu

A makonnin nan AFL, babbar gasar ƙasar wadda a da ake kira VFL, ke buga zagayen wasannin da ta sa wa sunan Sir Doug Nicholls, ni ma shi nake rubutawa. Wannan babin ya fi kowanne cin lokaci, kuma ya cancanta.

An haifi Nicholls a 1906 a Cummeragunja, bakin kogin Murray, ɗan ƙabilar Yorta Yorta ne, cikin 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Gajere ne, ga gudu. Ya fara gwada sa'arsa a Carlton, bai ga fuska ba saboda launin fatarsa, ya koma Northcote a gasar VFA inda ya ɗauki kofi a 1929. Daga 1932 zuwa 1937 ya buga wa Fitzroy. Labarin da aka fi bayarwa shi ne yakan keɓe gefe guda a ɗakin canza kaya, sai Haydn Bunton, gwarzon kulob ɗin, ya ɗauko kayansa ya zauna kusa da shi. Bunton ba ƙaramin mutum ba ne: ya ci lambar Brownlow, wadda ake ba ɗan wasan da ya fi kowa a kaka, a 1931, 1932 da 1935. Abokan wasansa biyu, Wilfred Smallhorn da Dinny Ryan, suka ci ta 1933 da ta 1936. Lamba 5 cikin shekara 6, amma babu kofi ko ɗaya a tsakanin. Taurari daban, ƙungiya daban.

Abin da ya sa ba zan tsaya a fili ba shi ne rayuwar Nicholls bayan ƙwallo. Ya zama fasto, cocinsa na titin Gore a cikin Fitzroy, kuma a nan 'yan asalin ƙasa da suka baro matsugunan gwamnati suka shigo birni suke samun masauki da mai tsaya musu. An ba shi sarautar Sir a 1972, ya zama gwamnan jihar Ostireliya ta Kudu a ƙarshen 1976, rashin lafiya ta sa ya sauka bayan 'yan watanni. Na bi titin Gertrude da ƙafa don in ga inda aka buɗe asibitin 'yan asalin ƙasa a 1973. Yanzu gidajen shan kofi da shagunan kayan gayu ne suka cika titin, kuɗin hayar ɗaki ɗaya sai ya sa mutum zufa.

Tun kafin Nicholls ma akwai Joe Johnson, wanda ake lissafawa a matsayin ɗan asalin ƙasa na farko da ya buga VFL. A Fitzroy ya buga, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin 1904 da 1905. Ba na so in mayar da kulob ɗin waliyyi, wariya tana ko'ina a lokacin. Amma ba za a raba tarihinsa da mutanen titin Gertrude ba.

8 ga Yuni

Kofi na ƙarshe, 1944. Sojoji sun karɓe babban filin MCG, sai aka yi wasan ƙarshe a Junction Oval. Ma'aikatan jiragen ƙasa masu bin titunan gari na yajin aiki a ranar, mutane da yawa a ƙafa suka je. Fred Hughson ne kyaftin kuma koci, suka doke Richmond.

Daga nan aikin ya canza salo. Yawancin jaridun da ke Trove sun tsaya a 1954, The Argus ta kai 1957, shekarar da aka rufe ta. Sauran sai an je ɗakin karatu na jihar Victoria a titin Swanston, a zauna gaban na'ura ana murɗa hotunan shafuka. The Canberra Times tana taimako tunda ita ta kai 1995, sai dai labarin Melbourne a taƙaice take kawo shi.

29 ga Yuni

Nan ne zuciyar littafin. Duk wanda ka tambaya me ya kayar da Fitzroy zai ce maka bashi. Gaskiya ne, amma bashin ɗa ne, uwarsa rashin fili.

Tun 1884 kulob ɗin ke wasa a filin titin Brunswick, cikin lambun Edinburgh Gardens. Amma filin ba nasa ba ne. Ƙasar ta hukuma ce, kulob ɗin kurket ke riƙe da ita, 'yan ƙwallo kuwa 'yan haya ne na lokacin sanyi, ko da yake su ke kawo jama'a. Gine-gine suka tsufa, ɗakunan 'yan wasa suka lalace, aka yi ta kai gwauro ana kai mari tsakanin kulob biyun da ƙaramar hukuma a kan wa zai gyara, wa zai riƙe. Ba a daidaita ba. A ƙarshen kakar 1966 Fitzroy ya tattara ya fita.

Na zana taswirar yawon da ya biyo baya, zan sa ta a tsakiyar littafin. Daga 1967 zuwa 1969 yana Princes Park, gidan Carlton. Daga 1970 zuwa 1984 yana Junction Oval, tsohon gidan St Kilda, can kudancin kogin Yarra. A 1985 da 1986 yana Victoria Park, gidan Collingwood, maƙwabcin da titin Smith kaɗai ya raba su, wanda kuma suka fi tsana a duniya. Sai Princes Park kuma daga 1987 zuwa 1993, sannan Western Oval na Footscray daga 1994 zuwa 1996. A tsakani har tsibirin Tasmania ya kai wasu wasanninsa na gida a 1991 da 1992, neman kuɗi. Kayan aro ba ya rufe katara. Mai fili shi ke da kujerun manya, da allunan talla, da kuɗin abinci da abin sha. Ɗan haya abin da aka yaga masa zai karɓa.

Akwai ƙalubalen da dole in amsa, don mai karatu mai lura zai kawo shi. Ai wasu ma sun bar filayensu ba su mutu ba. Richmond ya koma MCG a 1965, St Kilda ya koma Moorabbin a shekarar, Hawthorn ya bar Glenferrie bayan 1973. Amsata ita ce Richmond da Hawthorn wasa kawai suka ɗauke, atisaye da ofis suna nan a unguwa, St Kilda kuwa gidan kansa ya je ya kafa inda sababbin iyalai ke tarewa. Fitzroy babu ko ɗaya. Kuma a daidai lokacin unguwar kanta take zubewa: iyalan ma'aikata na ƙaura zuwa bayan gari, hukumar gidaje ta rushe layuka ta gina dogayen benayen Atherton Gardens, baƙin da suka zo daga Italiya da Girka da yawansu ƙwallon da muka sani ne a ransu. Yaron da ya tashi a Fitzroy a 1975, me zai haɗa shi da kulob ɗin da ke wasa a ƙetaren kogi?

Kevin Murray ne ya riƙe mutuncin kulob ɗin a waɗannan shekaru. Wasa 333 ya buga masa, ya ci Brownlow a 1969. A 1964 ba su ci wasa ko ɗaya ba.

20 ga Yuli

Gajeren babi, mai daɗin rubutawa. A Junction Oval, inda suka ɗan samu zama, sun yi ƙarfi. A Yulin 1979 suka ci Melbourne 238 da 48 a filin Waverley. Tazarar 190 ke nan, kuma har yau babu wanda ya karya ta. Yawan makin kuwa Geelong ya wuce shi da ɗaya a 1992, a kan Brisbane Bears, sunan da zai dawo nan gaba. A 1983 suka lallasa North Melbourne da tazarar 150 alhali North na saman teburi. Bernie Quinlan ya raba Brownlow ta 1981 da Barry Round, ya zura ƙwallo fiye da 100 a 1983 da 1984. Ga Paul Roos da Gary Pert suna tasowa. A 1986 saura wasa ɗaya su kai na ƙarshe, Hawthorn ya tare su.

Wannan ya ƙara ƙarfafa hujjar fili. Shekara 15 a wuri ɗaya sun isa su gina ƙungiya. Da aka sake tayar da su, sai gangara.

17 ga Agusta

1996. Na fi wata ina kewaye wannan babin, don a nan ne kowa ke da ɓangare.

Gasar ta riga ta daina zama ta unguwannin Melbourne. South Melbourne ya koma Sydney a 1982. West Coast da Brisbane Bears sun shigo a 1987, aka canza suna zuwa AFL a 1990, Adelaide ta shigo a 1991, Fremantle a 1995. Port Adelaide na jira a ƙofa, hukuma kuma ba ta son a wuce kulob 16. Wato sai wani ya tashi. Tun 1989 aka so haɗe Fitzroy da Footscray, mutanen Footscray suka bi gida gida suna tara kuɗi har suka wargaza shirin. Taurari suka fara tafiya, Alastair Lynch zuwa Brisbane, Roos zuwa Sydney. AFL ta ajiye dalar Ostireliya miliyan 6 ga duk kulob biyun da suka yarda su haɗe.

Shugabannin Fitzroy, ƙarƙashin Dyson Hore-Lacy, North Melbourne suka zaɓa, don ko ba komai kulob ɗin zai zauna a Melbourne. Sai kamfanin inshora na ƙasar Nauru, wanda ke binsu dala miliyan 1.25, ya naɗa mai kula da kadara, Michael Brennan. Daga ranar magana ta bar hannun shugabanni. Ran 4 ga Yuli sauran ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'a, 14 da 1, suka ƙi haɗin da North. Tsoro ne: North na da ƙarfi, in aka ƙara masa 'yan wasan Fitzroy wa zai tare shi? North ɗin ma shi ya ɗauki kofin shekarar. A ranar aka amince da tayin Brisbane Bears, wanda daga nan ya zama Brisbane Lions.

Wasa ɗaya 'yan Fitzroy suka ci a kakar, da Fremantle. Wasansu na ƙarshe a Melbourne da Richmond ne a MCG, gaban mutum fiye da 48,000, aka ci su da tazarar 151. Na ƙarshe gaba ɗaya kuma a Perth aka yi shi, ran 1 ga Satumba, da Fremantle, can ƙarshen nahiyar inda yawancin magoya baya ba su da kuɗin jirgin zuwa. Wannan kam rashin kara ne, kuma haka zan rubuta.

Hukuncina dai: shugabannin Fitzroy sun ci bashin da ba su da hanyar biya, wannan nasu ne. Amma hukumar da ta ceci wasu ƙungiyoyi da kuɗi a shekarun da suka biyo baya ta ga dama ne ta bar wannan ya faɗi, saboda tana buƙatar kujerarsa.

1 ga Satumba

Abin da mutane da yawa, har a nan Melbourne, ke tsallakewa: ba a rushe kamfanin Fitzroy Football Club ba. Harkarsa ta AFL ce ta koma Brisbane, da 'yan wasa 8, da zakin da ke ƙirjin riga, da sautin taken kulob. Kamfanin kansa ya fita daga hannun mai kula da kadara a 1998, babu 'yan wasa, babu fili, sai mambobi. Ya ɗauki nauyin Coburg na ɗan lokaci, sannan ya ƙulla da wani kulob na 'yan sa kai da ya samo asali daga jami'ar Melbourne, Reds, wanda ke wasa a filin titin Brunswick. A Disambar 2008 suka haɗe, daga 2009 Fitzroy ya shiga VAFA, gasar 'yan sa kai ta jihar Victoria, da sunansa da rigarsa. Ya kafa ƙungiyar mata a 2015, maza suka ɗauki kofin rukuninsu a 2018.

Kakar bana na sha zuwa filin ranar Asabar, jirgin cikin gari mai lamba 11 ke sauke mutum a bakinsa. Ba a biyan kuɗin shiga. Tsohuwar rumfar 'yan kallo ta 1888 na nan, ɗayar ta ƙone a 1977. In an yi hutun zango jama'a kan shiga fili su kewaye koci su ji abin da yake gaya wa yaransa, yara na harba ƙwallo, karnuka na guje-guje. Wani dattijo mai tsohon mayafin kulob a wuya ya ce mini bai taɓa kallon Brisbane ba tun 1996, kuma ba zai kalla ba. Na kusa da shi ya ce shi yana da katin zama mamba na duka biyun. Tare suke zuwa.

30 ga Satumba

Shekaranjiya Brisbane Lions ta doke Sydney da tazarar 60 ta ɗauki kofi. Wato zuriyar Fitzroy da zuriyar South Melbourne ne suka kara, su da suka yi wasan 1899. Jiya aka kawo kofin filin titin Brunswick, wurin ya cika maƙil.

Wannan ya tilasta mini yanke hukunci kan teburin da ke ƙarshen littafin. Kofunan 2001, 2002, 2003 da na bana, na Fitzroy ne? Masu cewa e suna da hujja: Chris Johnson, ɗaya daga cikin 8 ɗin, ya ɗauki ukun farko, Jonathan Brown ya shiga Brisbane ne albarkacin mahaifinsa ya buga wa Fitzroy, lambar gwarzon kulob na ɗauke da sunan Murray. Masu cewa a'a ma suna da tasu: a ƙarshen 2009 sai da Fitzroy ya kai Brisbane kotu a kan canza hoton zakin, kuma mutum ba ya kai kansa ƙara. Na raba teburin biyu. Na Fitzroy ya tsaya a 8 na VFL, da na 1895, da na 2018. Na Brisbane yana shafin da ke kallonsa.

12 ga Oktoba

Babi 9 sun kammala, saura na ƙungiyar mata da na yara ƙanana, waɗanda sai na zauna da masu kula da su bayan hutun kaka. Na tura babin 1916 da na Nicholls ga wani malamin Hausa a Zariya ya duba mini. Ya dawo da su da jan biro, ya ce bayanin ƙidayar maki ya zo da wuri, mai karatu zai manta kafin ya kai 1979, a maimaita shi a can cikin layi biyu. Na karɓa. Taswirar filayen kuma sai an sake zana ta, kogin Yarra bai fito sosai ba in an buga da baƙi da fari.